Ciwon Bakkale a Shanun Tatsa: Darasi ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Duk lokacin da kika zo awon ciki mukan shawarce ki da ki riƙa shan madara da nono, saboda suna gina jiki, suna kuma ƙarfafa ƙashinki da na abin da ke cikinki. Wannan shawara tana nan daram, ba mu janye ta ba. Sai dai akwai wata cuta da ke iya biyo madarar da ba a tafasa ba ta shiga jikin mutum, kuma tana da haɗari na musamman ga mai ciki. A kanta za mu yi darasinmu na yau. Muna roƙon ki karanta shi a natse, sannan ki miƙa wa maigida da sauran mutanen gida, domin wani ɓangare na aikin a wuyansu yake.

Mene ne bakkale?

Bakkale shi ne sunan da makiyaya suka san cutar da shi. Wasu kan ce da ita ciwon ɓarin shanu, likitoci kuwa suna kiran ta buruselosis. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya iya gani take kawo ta, ana ce mata burusela. Ƙwayar iri-iri ce. Akwai wadda ta fi kama shanu, akwai ta awaki da tumaki, akwai ta aladu da ta karnuka. Raƙuma kan ɗauki ta shanu ko ta awaki. Dukkansu suna iya kama ɗan Adam, amma ta awaki da tumaki ta fi tsanani a jikin mutum.

Cutar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1887 wani likitan sojan Birtaniya mai suna David Bruce ya gano ƙwayar a saifar sojojin da wani zazzaɓi ya kashe a tsibirin Malta, daga sunansa ne ma aka samo sunan ƙwayar. An ɗauki shekaru ba a san ta inda take shiga jikin sojojin ba, sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin da ake tatsa ne ke ɗauke da ita. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, sai zazzaɓin ya ragu ƙwarai a barikinsu. A ƙasar Denmak kuma, a 1897, wani likitan dabbobi mai suna Bernhard Bang ya gano irin wadda ke sa shanu ɓari. A Nijeriya an fara rubuta labarin cutar a cikin shanu tun 1927. Ke nan kusan shekara ɗari muna tare da ita.

Yadda take a jikin saniya

Saniya kan ɗauki ciki wajen wata tara, kamar ɗan Adam. Idan ƙwayar ta shiga jikinta, wurare biyu ta fi son zama: mahaifa da hantsa. A mahaifar saniya mai ciki akwai wani irin sukari da ƙwayar ke matuƙar so, don haka a nan take hayayyafa har ta lalata mabiyiya. Alamomin da makiyayi kan gani su ne:

1. Saniya ta yi ɓari bayan ciki ya tsufa, galibi daga wata na biyar zuwa na takwas.
2. Ta haifi matacce, ko ɗan maraƙi mai rauni wanda ba ya daɗewa.
3. Mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan haihuwa.
4. Madara ta ragu, ko saniya ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba.
5. Kumburi mai ruwa a gwiwa, musamman a tsofaffin shanu. Wannan ita ce alamar da makiyaya da yawa suka fi gane bakkale da ita.
6. Kumburin maraina a jikin bijimi.

Ga inda matsalar take. Yawanci sau ɗaya saniya ke yin ɓarin. Daga nan sai ta koma haihuwa lafiya, ta yi ƙiba, tana cin ciyawa kamar kowace saniya, mai ita ya ɗauka ta warke. Alhali ƙwayar tana nan kwance a hantsarta, tana fitowa cikin madara jefi-jefi, wani lokaci har shekaru. Madarar kuwa ba ta canza launi, ba ta canza ƙamshi, ba ta canza ɗanɗano. Mai tatsa ba ta sani ba, mai saye ma ba ta sani ba.

Tsakanin shanu, lokacin ɓari ko haihuwa cutar ta fi yaɗuwa. Ɗan da aka zubar, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, duk cike suke da ƙwayar. Sauran shanu kan zo su shinshina su lasa, ko su ci ciyawar da ruwan ya zuba a kai. Karnuka kan ja mabiyiya zuwa wani garke ko bakin mashaya. Zafin rana yana kashe ƙwayar, amma a wuri mai inuwa da danshi tana iya yin watanni da ranta. Wata babbar hanya kuma ita ce sayo saniya daga kasuwa a haɗa ta da garke ba tare da an gwada jininta ba. Sau da yawa saniyar da ta yi ɓari ita ake fara kaiwa kasuwa.

Yaya yawanta yake a shanunmu?

Don a san yawan cutar, likitocin dabbobi kan ɗebi jinin shanu su gwada. Gwajin da aka fi yi shi ne na Rose Bengal, wanda ake haɗa ɗigon ruwan jini da wani ruwa mai launin ja-ja a kan faranti, a sami sakamako cikin 'yan mintoci. Akwai kuma gwajin da ake yi wa madarar garke baki ɗaya. Gwajin jini yana nuna cewa dabba ta taɓa haɗuwa da ƙwayar.

Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka yi a Arewacin Nijeriya shi ne wanda aka buga a 2012. An gwada shanu 4,745 daga garke 271 a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano. An sami alamar cutar a wajen kashi 26 cikin 100 na shanun, wato kusan saniya ɗaya cikin huɗu. Da aka lissafa ta fuskar garke kuma, sai aka ga cewa fiye da garke uku cikin kowane huɗu suna da aƙalla dabba ɗaya mai alamar cutar.

Amma ba ko'ina abin yake haka ba. A 2011 an gwada shanun makiyayar Ladduga da ke yankin Kachiya a Jihar Kaduna, waɗanda aka samu da alamar cutar ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Kin ga tazarar da ke tsakani. Abin da ke kawo bambancin ya haɗa da girman garke, da yawan cuɗanyar shanu a mashaya da kasuwa, da yawan sayo sababbin dabbobi, da kuma irin gwajin da aka yi amfani da shi. An sha samun cutar a rugage, an kuma sha samun ta a gonakin kiwo na zamani inda ake tara shanun tatsa da yawa wuri ɗaya. Saboda haka ba cutar wata ƙabila ba ce, ba kuma ta talaka kaɗai ba ce.

Shanun tatsa sun fi jan hankalinmu saboda dalili uku. Na farko, mata ne, kuma a jikin mace mai haihuwa ƙwayar ta fi samun wurin zama. Na biyu, saniyar tatsa kan daɗe a garke tana haihuwa shekara da shekaru, ba kamar san da ake turkewa a sayar ba. Na uku, abin da ke fita daga jikinta kai tsaye yake zuwa bakin mutane.

To, me waɗannan alƙaluma suke nufi gare ki? Ki tuna cewa ba a zuba madarar kowace saniya a ƙwarya daban. Madarar garke duka wuri ɗaya ake haɗa ta, wani lokaci ma mai sayarwa kan haɗo ta gidaje biyu ko uku. Idan shanu goma aka tatsa, tara lafiyarsu lau, ɗaya ce kawai ke fitar da ƙwayar, to ƙwaryar duka ta ɗauka. Shi ya sa lissafin garke ya fi na saniya ɗaya-ɗaya muhimmanci ga mai shan nono. Tunda kuwa ba ki da hanyar sanin garken da madararki ta fito, kuma ido ba ya rarrabewa, abin da ya fi shi ne ki ɗauki kowace ɗanyar madara a matsayin wadda sai an tafasa.

Hanyoyin da mutum ke kamuwa

Hanya ta farko ita ce ta baki: shan ɗanyar madarar saniya, ko akuya, ko tunkiya, ko raƙuma, da duk abin da aka yi da ita ba tare da an dafa ba, kamar nono, da ɗanyen man shanu, da cukun da ba a ɗora a wuta ba. Dakashin saniya, wato madarar kwanakin farko bayan haihuwa, ya fi haɗari idan ba a dafa shi ba, domin a lokacin ƙwayar ta fi fita. Cin ɗanyar hanta ko kayan cikin da bai dahu ba shi ma hanya ce. Naman da ya dahu sosai kuwa ba shi da matsala.

Hanya ta biyu ita ce ta taɓawa. Ƙwayar kan shiga ta ƙaramin yanka ko ƙujewa a hannu, ko ta ido, ko ta hanci, yayin karɓar haihuwar dabba, ko ciro mabiyiya, ko sharar turke, ko fiɗa. Don haka makiyaya, da masu tatsa, da mahauta, da ma'aikatan kwata, da malaman dabbobi sun fi kowa shiga haɗari. Kada ki ce ai ke ba ki da shanu. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gidanki idan ta yi ɓari, wa ke ɗauke ɗan ya share wurin? Galibi ke ce, ko yaranki.

Ba kasafai mutum ke sa wa mutum cutar ba. Zama tare, ko gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya ba ya kawo ta. Amma nadiran takan bi ta mabiyiya ta kama ɗan da ke ciki, ko ta bi nonon uwa, ko ƙarin jini, ko saduwar aure. Wani ƙiyasi da aka buga a 2023 ya nuna cewa mutane wajen miliyan 2 da dubu 100 ne ke kamuwa da ita kowace shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya.

Alamominta a jikin mutum

Alamomi kan fara bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wani lokaci kuma sai bayan watanni. Sun haɗa da:

1. Zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Yakan tashi da yamma, ya sauka da safe. Yakan lafa na wasu kwanaki sannan ya dawo.
2. Gumi mai yawa da dare, har ya jiƙa zane.
3. Ciwon gaɓoɓi, da ciwon baya ko ƙugu.
4. Kasala, da ciwon kai, da rashin cin abinci, da rama.
5. Kumburin saifa ko hanta.
6. Kumburin maraina mai zafi ga maza.

Za ki lura waɗannan alamomi sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Wannan kamanni shi ke ɓoye cutar. Mutum ya sha maganin zazzaɓi, zazzaɓin ya lafa don kansa, ya ɗauka magani ne ya yi aiki. Bayan mako biyu ya dawo, a ce taifot ne, a sake sayen wani magani. A wani bincike da aka yi a asibitocin garin Moshi na ƙasar Tanzaniya tsakanin 2007 da 2008, gwajin jini ya tabbatar da cutar a jikin mutum 16 da aka kwantar saboda zazzaɓi, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka gane ita ce ke damun sa a lokacin da yake kwance.

Ga mai juna biyu ruɗanin ya fi yawa, domin kasala da ciwon baya da gumi abubuwa ne da aka saba jingina wa ciki. Amma ki riƙe wannan da kyau: ciki ba ya kawo zazzaɓi. Duk zazzaɓin da ya same ki kina da juna biyu yana da dalili, kuma sai an nemo shi.

Cutar ba ta cika kisa ba, waɗanda take kashewa ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba ko da ba a yi magani ba. Amma idan aka bar ta takan zauna a jiki watanni ko shekaru, ta ci ƙashin baya ko gaɓoɓi, ta hana mutum neman abinci. Jefi-jefi takan taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa.

Haɗarinta ga ciki

A da an ɗauka cewa dabbobi kaɗai cutar ke sa wa ɓari. Yanzu an san ba haka ba ne. A wani asibiti a ƙasar Saudiyya an bi bayanan mata 92 masu ciki da suka kamu da cutar tsakanin 1983 da 1995. Kashi 43 cikin 100 sun yi ɓari a watanni shida na farko. Abin farin ciki a wannan bincike shi ne, matan da aka ba magani tun ciki yana nan sun fi samun tsira da cikinsu nesa ba kusa ba.

Ban da ɓari, cutar kan jawo haihuwar bakwaini, ko jariri mai ƙarancin nauyi, ko mutuwar ɗa a ciki, ko a haifi jariri ɗauke da ita. Wannan ba yana nufin duk ɓari daga bakkale yake ba. Dalilan ɓari suna da yawa, zazzaɓin cizon sauro ma yana cikinsu. Amma idan kin taɓa yin ɓari tare da zazzaɓi mai daɗewa, kuma kuna kiwo ko kuna shan ɗanyar madara, ki gaya wa likita.

Idan kin zo asibiti

Likita ba zai iya tunanin wannan cuta ba sai kin ba shi labarin da zai kai shi gare ta. Don haka ko bai tambaya ba, ki faɗa masa:

1. Kwana nawa zazzaɓin ya yi, kuma ko yana tafiya yana dawowa.
2. Magungunan da kika riga kika sha. Ki zo da kwalayensu.
3. Ko kina shan madara ko nonon da ba a tafasa ba.
4. Ko kuna da shanu, awaki, tumaki ko raƙuma, kuma ko wata dabba ta yi ɓari a 'yan watannin nan.
5. Sana'ar maigida, idan makiyayi ne, ko mahauci, ko mai aikin dabbobi.
6. Ko akwai wani a gidan mai irin wannan zazzaɓi.

Da gwajin jini ake tabbatar da cutar. Wani lokaci sai an maimaita gwajin bayan mako biyu ko fiye. Idan aka same ta a jikin mutum ɗaya, yana da kyau a duba sauran 'yan gidan, tunda ƙwarya ɗaya suke sha.

Magani

Cutar tana warkewa. Amma ƙwayar ɓoyewa take yi a cikin ƙwayoyin halittar jiki, inda magani ba ya saurin kaiwa. Saboda haka maganin kwana uku ko biyar ba ya kashe ta. Yawanci magani biyu ake haɗawa, a sha aƙalla mako shida ba fashi. Wanda ya ji sauƙi ya daina a mako na biyu, cutar za ta dawo masa.

Ga wanda ba shi da ciki, akan haɗa doksisaikilin da rifamfisin, ko doksisaikilin da allura. Mai ciki kuwa ba a ba ta doksisaikilin na tsawon wannan lokaci, saboda yana iya taɓa haƙora da ƙashin ɗan da ke ciki, haka ma yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Ita mai ciki akan ba ta rifamfisin, sau da yawa tare da maganin da aka fi sani da Septrin, shi ma akwai watannin cikin da likita zai kauce masa, musamman dab da haihuwa. Kin ga ke nan ba maganin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne, ba kuma wanda za ki karɓa daga hannun maƙwabciya don ya yi mata aiki ba. Rifamfisin kan mayar da fitsari da hawaye ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, don haka mai amfani da su ta sanar da likita.

Mai shayarwa da aka samu da cutar kada ta yanke hukunci ita kaɗai. Likita zai faɗa mata ko za ta ɗan dakata na 'yan kwanaki har magani ya fara aiki, da yadda za a ciyar da jariri kafin nan.

Rigakafi a ɗakin girki

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin bai wuce 'yan itace kaɗan ba. Wuta tana kashe ƙwayar burusela. A masana'anta akan ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida ba ki bukatar ma'auni:

1. Ki tace madarar, ki zuba a tukunya mai tsabta, ki ɗora a wuta kina juyawa.
2. Ki bar ta ta tafasa har ta taso, ki rage wuta ta ƙara minti ɗaya ko biyu.
3. Ki sauke, ki rufe. Kada ki mayar da ita cikin ƙwaryar da ɗanyar ta zauna sai kin wanke ta da sabulu da ruwan zafi.
4. Idan kindirmo kike so, ki bari ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, ki zuba ɗan kindirmon da kika tabbata da tafasasshiyar madara aka yi shi, ki rufe ya kwana.
5. Man shanu kuwa a soya shi kafin a ci.

Wannan tafasawa ba bakkale kaɗai take kashewa ba, har da ƙwayar tarin fuka ta shanu da masu kawo gudawa.

Akwai kuskure uku da ya kamata mu gyara. Wasu na cewa tsami yana kashe cuta. Gaskiya ne tsami yana rage ƙwayar sannu a hankali, amma kwana ɗaya da nono ke yi kafin a kai shi kasuwa bai isa a dogara da shi ba. Wasu na cewa firji yana kashe ta. Sanyi adana ta yake yi, takan yi watanni a cikin ɗanyen man shanu da ke firji. Wasu kuma na cewa tafasawa na kashe amfanin madara. Abubuwan da ke gina jiki da ƙarfafa ƙashi suna nan bayan an tafasa.

Idan fura da nono za ki saya, ki tambayi mai nonon ko tana tafasa madararta kafin ta kwantar. Da yawa suna tafasawa, musamman masu kindirmo. Ki yi tambayar cikin mutunci, domin ita ma da 'ya'yanta daga wannan ƙwaryar suke sha, kuma sun fi ki shiga haɗari. Idan ba ki samu tabbaci ba, to ki haƙura har ki sauka, ko ki yi naki a gida. Madarar gari, da ta gwangwani, da yogot na kamfani mai lambar hukumar NAFDAC duk an riga an dafa su. Alhazai da masu zuwa Umara su ma su kiyayi ɗanyar madarar raƙuma da ake sayarwa a bakin hanya.

Game da jariri kuma: a wasu gidaje akan hana shi dakashin uwarsa a kwanakin farko, a ba shi madarar akuya ko ta saniya, ko a lasa masa man shanu. Don Allah a daina. Dakashin uwa shi ne rigakafinsa na farko. A sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a ba shi nonon uwa zalla har wata shida.

Aikin maigida da masu kiwo

Maigida, wannan sashe naka ne. Muddin iyalinka tana da juna biyu, a ɗauke mata karɓar haihuwar dabba, da taɓa mabiyiya, da sharar wurin da dabba ta haihu, da gyaran kayan ciki ranar suna ko layya. Idan dabba ta yi ɓari:

1. Ka sa safar hannu ta roba, in babu ka ɗaura leda mai kauri a hannu.
2. Ka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, ka binne ɗan da mabiyiyar da ciyawar da ta jiƙe, yadda kare ba zai tono ba. Ko kuma ka ƙone su.
3. Ka wanke hannu da sabulu, ka wanke tufafin daban.
4. Ka ware dabbar daga sauran har ruwan da ke fita daga jikinta ya ɗauke.
5. Ka kira malamin dabbobi ya ɗebi jini.

Ba a yi wa saniya maganin bakkale, domin allura ba ta raba ta da ƙwayar, kuɗi kawai za a ɓatar. Dabbar da gwaji ya tabbatar tana da cutar, shawarar likitocin dabbobi ita ce a fitar da ita daga garke zuwa yanka a ƙarƙashin kulawarsu. Sayar wa wani ita don ya kiwata, alhali ka san abin da ke jikinta, zalunci ne ga iyalinsa. Kai ma kafin ka haɗa sabuwar dabba da naka, ka sa a gwada ta.

Akwai allurar rigakafi ta shanu, wadda ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin wadda ake kira S19. Ma'aikacin dabbobi ne kaɗai ya kamata ya yi ta, domin idan allurar ta soki mutum tana iya sa masa ciwo. Da irin wannan rigakafi, da gwaji, da fitar da dabbobin da suka kamu, Birtaniya ta raba shanunta da cutar a 1985, Ostireliya kuma a 1989. Mutane dai ba su da allurar rigakafin wannan cuta, kariyarmu tana ga lafiyar dabbobinmu da tukunyar da ke kan murhu.

Tambayoyin bita

Ki gwada kanki, ko ku tambayi juna a gida:

1. Ana iya gane madara mai ɗauke da ƙwayar bakkale da ido ko da ɗanɗano?
2. Don me saniya ɗaya mai cutar ta isa ta shafi duk masu shan nonon garken?
3. Tsami ko firji suna kashe ƙwayar?
4. Waɗanne abubuwa za ki gaya wa likita idan zazzaɓi ya ƙi tafiya?
5. Wa ya kamata ya ɗauke ɗan akuyar da aka yi ɓarinsa, kuma yaya zai yi?

Kammalawa

Uwargida, ki ci gaba da shan madara da nono, jikinki yana bukatarsu, amma a tafasa tukuna. Ki nisanci haihuwar dabbobi har ki sauka. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko ya tafi ya dawo, ko ya zo da zubar jini ko ciwon mara, kada ki jira ranar awo, ki taho asibiti a ranar. Idan akwai abin da bai fito miki sarai ba a wannan darasi, ki tambayi ma'aikaciyar jinya a sashen awon ciki. Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.